Kakar da Ba a Girbe Ba: Ƙwallon Ƙafa da Annobar Korona a Ƙasar Daura

Gabatarwa

A cikin akwatin ƙarfen da nake adana takarduna akwai wani littafin rubutu mai shuɗin bango, irin wanda 'yan sakandare ke saya a bakin kasuwa. An ja wa shafukansa layi da rula, an jera sunayen ƙungiyoyin ƙwallo daga sama zuwa ƙasa, kuma a gaban kowace an rubuta wasannin da ta buga, da ƙwallayen da ta ci, da waɗanda aka zura mata, da makin da ta tara. Rubutun ya fara a ƙarshen shekarar 2019, yana tafiya mako bi mako har zuwa tsakiyar watan Maris na 2020. Daga nan sai shafukan da aka riga aka ja wa layi, amma babu ko lamba ɗaya a cikinsu. Ni na ja waɗannan layuka, domin a wannan shekara ni ne magatakardan wata ƙaramar gasa da matasa ke shiryawa tsakanin unguwannin Daura da wasu garuruwan da ke kewaye da ita.

Marubuta tarihi sun fi mayar da hankali ga abin da ya kammala: sarkin da aka naɗa, yaƙin da aka ci, kofin da aka ɗaga. Abin da ya tsaya a hanya kuwa akan bar shi a baya kamar bai taɓa faruwa ba. Wannan maƙala za ta bi sawun kakar wasa ta 2019/2020, wadda annobar korona ta katse, tun daga manyan filayen Turai, zuwa gasar Firimiya ta Najeriya, har zuwa filayen makarantun firamare na ƙasar Daura. Tambayar da ta addabi babba da yaro a wancan lokaci guda ce: idan ƙaddara ta tsayar da gasa kafin ƙarshenta, wane ne mai haƙƙin kofi? Na ga yadda manya suka amsa ta, na kuma zauna a taron da ya zame mana dole mu amsa ta da kanmu.

Ƙwallo a Ƙasar Daura Kafin Annoba

Masarautar Daura ta ƙunshi ƙananan hukumomi biyar: Daura, Baure, Mai'adua, Sandamu da Zango. Duk wanda ya ji sunan Daura, abin da ke fara zo masa a rai shi ne rijiyar Kusugu, da labarin Bayajidda da Daurama, da hawan Sallar Gani. Ba a cika haɗa sunanta da tamaula ba. Amma wanda ya zauna a garin ya san cewa da zarar an idar da sallar La'asar, babu filin makaranta ko fegin da ba a gina ba wanda ƙura ba ta tashi a cikinsa, tun daga Kusugu da Sarkin Yara har zuwa Sabon Gari da Tudun Wada.

Wasan ya shigo ƙasar Hausa a zamanin Turawa, ta hanyar makarantu da barikokin soja da ma'aikatan jirgin ƙasa. An fara gasar Kofin Gwamna a 1945, wadda daga baya ta zama Kofin Ƙalubale, kuma a 1953 ƙungiyar Kano ta ɗauko wannan kofi zuwa Arewa. Gasar lig ta ƙasa ta soma a 1972, inda Mighty Jets ta Jos ta fara lashe ta. Raccah Rovers ta Kano ta lashe a 1978, sannan a 1990 aka mayar da gasar ta ƙwararru. Kano Pillars, Sai Masu Gida, ta ɗauki kambun sau huɗu, a 2008, 2012, 2013 da 2014. A jiharmu kuwa, wadda aka ƙirƙiro a 1987, Katsina United ce ke riƙe mana tuta, tana karɓar baƙi a filin wasa na Muhammadu Dikko da ke Katsina, kuma matasan Daura da dama sukan haɗa kuɗin mota su je su gani da idonsu, musamman ranar da Pillars ta zo.

Waɗannan duka rassa ne. Saiwar tana ƙasa, a gasannin unguwanni da na ƙauyuka waɗanda babu jaridar da ke ba da labarinsu. A irin wannan gasa babu albashi babu kwantiragi. 'Yan wasanmu ɗalibai ne, da teloli, da 'yan acaɓa, da masu facin taya, da masu cajin waya, da 'yan garuwa, kuma kusan kowannensu manomi ne idan damina ta sauka. Saboda haka noma ne ke tsara mana kalanda. Mukan fara bayan an kai gero da wake rumbu, mu ratsa hunturu, mu yi ƙoƙarin ƙarewa kafin ruwan farko. Ba banza ba Bahaushe ya ari kalmar kaka, wadda asalinta lokacin girbi ce, ya ce kakar wasa. A shekarar 2020 akwai wani wa'adin kuma, wato azumi, wanda ake sa ran kamawarsa a ƙarshen Afrilu. Sai muka tsara cewa za a buga wasan ƙarshe kafin a ga wata.

Kowace ƙungiya ta biya kuɗin rajista, aka danƙa wa ma'aji, da niyyar a sayi kofi da rago da saitin riguna ga wadda ta yi nasara. Shugaban gasar wani dattijo ne, tsohon malamin motsa jiki da ya yi ritaya, wanda ya koyar da iyayen wasu daga cikin 'yan wasan, kowa kuma Malam yake kiran sa. Tun kafin annoba mun riga mun yi rashi ɗaya: rufe iyakokin ƙasa da Gwamnatin Tarayya ta yi a watan Agustan 2019 ya tsayar da wasannin sada zumuncin da mukan yi da 'yan uwanmu na tsallaken Kongolam, a Jamhuriyar Nijar. Mun ɗauka wannan ne cikas mafi girma da kakar za ta gamu da shi.

Isowar Annoba

Ranar 27 ga Fabrairu, 2020, aka tabbatar da mutum na farko mai ɗauke da cutar a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka a Legas. Ranar 11 ga Maris Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana cutar a matsayin annobar da ta game duniya. Kwana biyu bayan haka aka dakatar da gasar Firimiya ta Ingila, alhali Liverpool na gaban Manchester City da maki 25, tana dab da ɗaukar kofin da ta yi shekara 30 tana nema. Ta wannan ƙofa annobar ta fara taɓa Daura, tun kafin ta taɓa jikin kowa. Gidajen kallon ƙwallo, waɗanda ke cika maƙil kowace Asabar da Lahadi, suka wayi gari da benci babu kowa. Magoya bayan wasu ƙungiyoyin suka dinga zolayar 'yan Liverpool da cewa za a soke kakar gaba ɗaya, kuma ni ma na yi wannan zolaya, ban san tana jira na a gida ba.

A Najeriya an buga wasannin mako na 25 na gasar Firimiya ranar 18 ga Maris, sannan Hukumar Ƙwallon Ƙafa ta Ƙasa, NFF, ta dakatar da dukkan wasanni na makonni huɗu. A daidai wannan lokaci gwamnonin Arewa maso Yamma suka ba da umarnin rufe makarantu daga 23 ga wata. Rufe makarantu shi ne rufe filayenmu. Muka zauna a ƙofar gidan Malam muka amince da ɗage gasar na mako biyu. Gaskiya ɗaya ce: da yawa daga cikinmu ba mu yarda akwai cutar ba. Wasu na cewa ta masu hawa jirgin sama ce, wasu na cewa zafin bazarar Daura zai kashe ta kafin ta wuce Kazaure.

A ranar da aka tsaya, ƙungiyar unguwarmu ce a saman teburi, kuma ƙanena, wanda muke ciki ɗaya, shi ne kyaftin ɗinta. Mun fi wadda ke biye da mu, ta wani gari da ke kan hanyar iyaka, da maki biyu. Sai dai suna da kwantan wasa ɗaya, domin an yi musu rasuwar mahaifin mai tsaron ragarsu a ranar da ya kamata su buga, mu da kanmu muka ɗage musu, muka kuma cika mota muka je gaisuwa. Wannan kwantan wasa shi ne daga baya ya zame mana ƙarfen ƙafa.

Daura a Kulle

Ranar 7 ga Afrilu Gwamna Aminu Bello Masari ya sanar da cewa wani likita da ke aiki a Daura, wanda ya rasu 'yan kwanaki kafin nan, cutar ce ta yi ajalinsa. Shi ne mutum na farko da aka tabbatar ya kamu a duk faɗin Jihar Katsina. Da gwaji ya nuna wasu na kusa da shi sun kamu, sai gwamnati ta kafa wa Daura dokar kulle daga safiyar Asabar 11 ga Afrilu. Ita ce ƙaramar hukuma ta farko a jihar da aka rufe. Masu cewa cutar ta masu hawa jirgi ce suka yi shiru, domin wanda ta ɗauke mutum ne da jama'ar gari suka sani, wanda ya duba 'ya'yansu da iyayensu.

Tun muna yara ake ba mu labarin zamanin da mutanen Daura ba sa samun ɗiban ruwa a Kusugu sai ranar Juma'a, saboda macijin da ke cikin rijiyar. A wannan Afrilu muka ɗanɗani yadda rayuwa take idan wani abu da ba ka gani shi ke yanke maka ranar fita. Kasuwa ta mutu, tasha ta mutu, titunan da babura ke kai-komo suka koma na awaki. Ranar 17 ga wata cutar ta yi ajalin Malam Abba Kyari, shugaban ma'aikatan fadar Shugaban Ƙasa. Kafin ƙarshen watan kuma sai ga labarin yawan mace-mace a Kano, inda muke da dangi da abokan ciniki. Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu ya same mu cikin wannan hali. Ƙaramar Sallah ta zo ranar 24 ga Mayu ba tare da hawa ba, kuma a Babbar Sallah, ranar 31 ga Yuli, Shugaba Muhammadu Buhari bai zo gida ba kamar yadda ya saba, a Abuja ya yi idinsa.

Wanda cinsa ke zuwa daga abin da ya samu a yini, kulle yunwa ce gare shi. Mafi yawan 'yan wasanmu irin waɗannan mutane ne. A farkon azumi Malam ya kira ni a waya, bayan gaisuwa ya ce: "Magatakarda, nawa ne a hannun ma'aji?" Na faɗa masa. Ya ce: "To, kira mini shugabannin ƙungiyoyi ɗaya bayan ɗaya. Ka ce musu ni na ce, ba a ajiye kuɗin rago alhali masu ragon ba su da abin buɗa baki. Wanda bai yarda ba ya faɗa, a mayar masa da nasa." Na ce: "Allah ya gafarta Malam, kofin fa?" Ya ce: "Wanda ya rayu ya ga kofi." Babu ƙungiya ko ɗaya da ta ƙi. Aka sayi gero, aka auna a kwano, aka raba wa waɗanda suka fi buƙata, ba tare da duba wace riga suke sawa a fili ba. Ta haka kyautar gasar ta ƙare tun ba a san mai ita ba.

Da aka sassauta kulle, wasu suka zaci za a koma fili. Amma ruwa ya riga ya sauka, 'yan wasa sun koma gona, makarantu na nan a rufe, kuma dokar hana taro ba ta gushe ba. Kalandar noma ba ta jiran kowa. A nan ne kowa ya gane cewa kakar ta tafi ke nan, saura kawai a san yadda za a rufe littafin.

Yadda Duniya Ta Rufe Nata Littafin

Waɗanda ke da kuɗin gwaji da na killace 'yan wasa sun koma sun ƙarasa. Jamus ta dawo ranar 16 ga Mayu ba tare da 'yan kallo ba, Ingila ta biyo ranar 17 ga Yuni, kuma ranar 25 ga Yuni Liverpool ta tabbata zakara. Sauran ƙasashe kuwa sun rabu gida biyu.

Kashi na farko suka ce abin da aka buga ya isa hujja. Faransa ta rufe gasarta a ƙarshen Afrilu, ta raba makin kowace ƙungiya da yawan wasanninta, ta ba Paris Saint-Germain kofi, ta kuma saukar da Amiens da Toulouse, waɗanda suka garzaya kotu. Beljiyam ta naɗa Club Brugge, Sikotlan ta naɗa Celtic. Kashi na biyu suka ce gasar da ba ta ƙare ba ba ta da zakara. Holan ta rufe tata ranar 24 ga Afrilu, Ajax da AZ Alkmaar suna da maki ɗaya, ba a ba kowa kofi ba, ba a saukar da kowa ba, kuma Cambuur, wadda ta yi wa 'yan rukuni na biyu fintinkau, aka hana ta hawa. Maƙwabciyarmu Nijar ma ta soke tata kakar ba tare da zakara ba.

Labarin da ya fi kama da namu shi ne na ƙananan gasannin yankuna a Ingila, inda masu sana'ar hannu ke buga ƙwallo bayan tashi daga aiki. A ƙarshen Maris hukumar ƙwallon ƙasar ta shafe sakamakonsu baki ɗaya, kamar ba a taɓa busa usur ba. A cikinsu akwai Jersey Bulls, wadda ta buga wasa 27 ta ci 27, ta riga ta tabbatar da hawa rukuni na gaba, amma aka ce ta koma ta fara daga farko. Wannan ya nuna mini cewa ko a ƙasar da ta haifi wasan, ƙaramin ne ake fara share wa aiki.

Hukuncin Najeriya

A ranar da aka tsayar da gasar Firimiya ta Najeriya, Plateau United ta Jos, zakarar 2017, ita ce ta ɗaya da maki 49 daga wasa 25. Rivers United na biye da maki 45 daga wasa 25. Enyimba ta Aba tana can ƙasa da maki 36, amma wasa 20 kawai ta buga, domin tana wakiltar ƙasa a gasar Kofin Confederation ta Afirka, inda ta kai zagayen kusa da na kusa da ƙarshe kafin Horoya ta Gini ta fitar da ita. Bayan watanni ana muhawara, mafi yawan ƙungiyoyi suka zaɓi a rufe kakar, kuma a watan Yuli NFF ta amince a raba makin kowace ƙungiya da yawan wasanninta. Plateau United ta samu 1.96. Rivers United ta samu 1.80. Enyimba ma ta samu 1.80 cif.

Aka fifita Enyimba, aka ba ta gurbin gasar Zakarun Afirka tare da Plateau United, Rivers United kuma aka tura ta Kofin Confederation tare da Kano Pillars, wadda ta samu nata gurbin albarkacin Kofin Aiteo da ta ci a Kaduna a 2019, lokacin da ta doke Niger Tornadoes a bugun fenariti. Rivers United ta yi ƙorafi mai zafi, tana mai cewa an fifita makin da ba a buga ba a kan wanda aka yi gumi aka samu. Ba a naɗa zakara ba, ba a saukar da kowa ba, ba a kuma hawar da kowa daga rukuni na biyu ba. Plateau United ta tafi Afirka ba kofi a hannu, Katsina United da sauran suka tsaya inda suke, sai ranar 27 ga Disamba aka buɗe sabuwar kaka, ita ma ba 'yan kallo.

Abin lura shi ne wannan ba shi ne karo na farko ba. A 2018 rikicin shugabancin NFF ya tsayar da gasar bayan mako na 24, aka ba Lobi Stars gurbin Afirka saboda ita ce a sama, ba a saukar da kowa ba. Wannan ya kumbura gasar 2019 zuwa ƙungiyoyi 24, aka taƙaita ta aka raba gida biyu. Wato kaka uku a jere babu wadda aka buga cikakkiya yadda aka saba. Da an ɗauki darasin 2018 an zauna an fayyace, dalla-dalla, abin da za a yi idan gasa ta tsaya da yadda za a raba gardama idan lissafi ya zo daidai, da gardamar 2020 ba ta kai inda ta kai ba. Dokar da aka tsara bayan kowa ya ga teburi, kowa da idon ribarsa yake karanta ta.

Zaman Ƙofar Gidan Malam

A daren da na ji hukuncin NFF a rediyo na ɗauko littafin nan mai shuɗin bango, na yi lissafin da ban so in yi ba. Da na raba makinmu da wasanninmu, na raba nasu da nasu, sai na tarar abokan hamayyarmu sun haura mu da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. A teburin da ido ke gani mu ne na ɗaya, a teburin lissafi su ne. Na rufe littafin ban gaya wa kowa ba, sai ƙanena. Ya daɗe yana kallo na, sannan ya ce: "Yaya, littafin a hannunka yake. Wa ya tambaye ka rabawa? Ka karanta abin da ka rubuta kawai." Ban amsa masa ba. Shekara uku yana neman wannan kofi, kuma a wannan kakar da ƙafa mai ciwo ya buga wasanni biyu na ƙarshe.

Bayan Babbar Sallah muka taru a ƙofar gidan Malam, kowa da takunkumi a haɓa. Babu rago, babu riguna, babu kuɗin sayen kofi, suna kawai ya rage, amma ban taɓa ganin gardama mai zafin ta wannan yammaci ba. Namu suka kafa hujja da Faransa da Sikotlan: wanda ke sama shi ne zakara. Ɗaya ɓangaren suka ce ba za a hukunta su don sun tsaya binne mahaifin ɗan uwansu ba. Waɗanda ke ƙasan teburi suka ce a bi Holan, a soke komai. Kowa ya zama masanin dokar Turai, kuma kowa ya zaɓi ƙasar da ta dace da matsayinsa.

Da hayaniya ta lafa Malam ya juyo ya ce: "Magatakarda, me littafi ya ce?" Na karanta teburin yadda yake. Na yi shiru kaɗan, sannan na ce: "Allah ya gafarta Malam, akwai sauran magana." Na karanta lissafin rabawa. Ban ɗaga kai na dubi ƙanena ba. Malam ya tambaya ko a farkon littafin akwai inda muka rubuta abin da za a yi idan gasa ta tsaya. Na ce babu. Ya ce tunda ba mu yi alkawari a kan ko ɗaya daga cikin lissafin biyu ba, ba shi da ikon ɗora wa kowa ɗaya daga cikinsu a yau. Ya yanke cewa kakar ba ta da zakara, amma ba za a shafe ta ba: a kwafe teburin yadda ya tsaya, da lissafin biyu a ƙasansa, kowane kyaftin ya sa hannu, kowace ƙungiya ta riƙe kwafi. Sannan kafin a sake taɓa ƙwallo, a rubuta dokar katsewar gasa a shafin farko.

Babu wanda ya tashi yana murna. Ƙanena ya sa hannu ba tare da ya ce uffan ba, kuma ya yi makonni ba ya haɗa kwano da ni. Bayan girbi ya tafi Legas neman kuɗi, domin kulle ya cinye ɗan jarin shagonsa, bai sake buga wata gasa ba. Mun shirya tun tuni, amma har yau ban iya ce masa hukuncin nan adalci ne cikakke ba. Abin da na sani shi ne duk hukuncin da za a yanke a ranar sai ya danne haƙƙin wani, kuma laifin ba na annoba ba ne ita kaɗai, har da nawa, ni da na ja layin maki ban rubuta doka ba.

Annobar da Ba Ta Bar Littafi Ba

Da na kai wa mahaifina ƙarar kaina, sai ya ba ni labarin da ya ji daga kakansa, na annobar murar 1918, zamanin Sarkin Daura Abdurrahman. Wannan mura ta shigo Legas ta jirgin ruwa a watan Satumba na shekarar, ta bi layin dogo da hanyoyin fatake zuwa Arewa, kuma masana tarihi sun ƙiyasta ta kashe kimanin mutum 500,000 a Najeriya. Ya kuma tuna mini sanƙarau na 1996, wanda ya kama mutum fiye da 100,000 ya kashe fiye da 11,000, akasari a Arewa, har Saudiyya ta hana maniyyatan Najeriya zuwa aikin Hajji a shekarar. Sai ya ce: "Ka san kokawa nawa aka fasa a 1918? Ka san dambe nawa, biki nawa, saukar karatu nawa?" Na ce a'a, Baba. Ya ce: "Ni ma ban sani ba, don ba wanda ya rubuta. Kai ko ba komai kana da littafi."

Wannan magana ce ta sa na daina kallon fararen shafukan nan a matsayin abin kunya. Rahotannin hukuma suna ƙidaya waɗanda suka kamu da waɗanda suka rasu, kuma wajibi ne a yi hakan. Amma yadda annoba ta ratsa rayuwar talaka, abin da ta tsayar, jarin da ta cinye, 'yan uwan da ta haɗa faɗa, geron da ta sa aka raba, wannan sai a ƙananan takardu irin nawa ake samun sa.

Kammalawa

Ƙwallo ta dawo. Katsina United da Kano Pillars sun faɗi daga gasar Firimiya a 2022, suka dawo tare a 2023. Gidajen kallo sun sake cika, ƙura ta sake tashi a filayen Daura bayan La'asar, kuma yaran da suke tsintar mana ƙwallo a 2020 su ne kyaftin-kyaftin a yau. A shafin farko na littafin gasarmu yanzu akwai sakin layi ɗaya da ake karantawa a gaban kowa kafin wasan buɗewa, wanda ya faɗi wasa nawa za a buga kafin teburi ya zama hujja, da yadda za a yi da kwantan wasa, da inda kuɗin rajista za su tafi.

Kirana ga masu shirya gasa, daga hukumar ƙasa har zuwa kwamitin unguwa, biyu ne. Su rubuta dokar ranar tsaiko tun lokacin da babu wanda ya san wa za ta amfana. Su kuma adana littattafansu, har da na kakar da ba ta ƙare ba, domin waɗanda suka buga ta sun yi gumi na gaske, kuma na baya suna da haƙƙin sanin abin da ya faru. Allah ya jiƙan likitan da ya rasu a Daura da duk waɗanda annobar ta ɗauke, ya kuma kiyaye mu daga irinta, amin.